Layin da Ke Yankewa Ranar Asabar

Babanmu ya yi shekara talatin da ɗaya yana hawa falwaya. Ma'aikacin wayar tarho ne, irin ta da mai igiya, wadda in ta mutu sai an zo da tsani. Mu uku ya haifa, Yaya, sai wana, sai ni auta, kuma dukkanmu mun tashi da warin dalma da robar waya a jikin rigarsa. Ba mai yawan magana ba ne, amma in ka taɓo masa zancen layi, to ka nemi kujera ka zauna.

Ƙa'idarsa ta aiki ɗaya ce, kuma mun haddace ta tun kafin mu iya karatu: ba a zargin mutum sai an gama bin waya. In mai gida ya tare shi da ƙorafin cewa maƙwabci ne ya yanke masa layi, Baba ba ya tanka masa. Sai ya fara daga kan tarhon, ya bi igiya taku-taku, ta bayan kabad, ta saman ƙofa, har akwatin bakin titi. A cewarsa kullum a ƙarshe tsatsa ce, ko ɓera, ko ruwan sama da ya shiga inda bai kamata ba. Wata al'adar kuma da ya taho da ita daga wurin aiki ita ce ta mabuɗi. Kowane akwatin layi mabuɗinsa biyu ne, ɗaya a aljihun ma'aikaci, ɗaya a ofis, saboda in ma'aikaci ya faɗo daga sama kada unguwa ta zauna babu waya. Shi ma ɗin ya faɗo, shekara biyu kafin ya yi ritaya, kuma gwiwarsa ta hagu ba ta sake yafe masa ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Yaya da mijinta suka dawo gidan Baba, a hawa na uku, don su kula da shi. Ni nas ce, ina zaune kusa da asibitin da nake aiki, kuma kusan duk Asabar ina bakin aiki. Ku riƙe wannan, domin shi ne uzurina, kuma na san bai isa ba.

Wana ya rasu shekara uku da suka wuce. Ya daɗe yana fama da ciwo, amma ya hana matarsa ta faɗa mana sai da abin ya yi nisa. Yaya ba ta yafe mata wannan shirun ba. A barandar asibiti, gaban mutane, ta gaya mata maganganun da ba zan maimaita ba. Bayan wata shida matar ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ta tafi da 'yarsu, ta kuma toshe lambar kowa a cikinmu. Yarinyar shekararta uku a lokacin. Baba yake kiranta Ƙararrawa, wai dariyarta irin ƙarar tarho ce, ba ka iya ƙin ɗauka.

Shekara biyu babu labari. Sai wata rana aka kawo masa kwali, a ciki akwai kwamfutar hannu marar layin waya, da 'yar takarda daga surukarsa. Ta ce shi bai taɓa yi mata komai ba sai alheri, kuma yarinya tana tambayar kakanta. Za ta riƙa kiransa ta bidiyo duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da su can safiya ce, kuma ita ce kaɗai ranar da ba ta aiki. Sharaɗinta shi ne shi kaɗai, a wannan na'urar kaɗai.

Abin da ya sa tsoho mai shekara saba'in da biyu ya sa aka kawo intanet gidansa ke nan. Mai haɗawa daga kamfani ya zo, ya ajiye rauta, akwatin da ke raba intanet, a bayan talabijin, ya ce an gama. Baba ya raka shi bakin ƙofa da godiya, ya dawo ya cire komai. Kwana uku yana karanta littafin da ya zo a cikin kwalin, da gilashinsa biyu ɗaya a kan ɗaya. Ya kafa rautar a tsakiyar koridon gidan, can sama, nesa da firji da babban madubi, ya bi igiyar da ƙusoshi a jere kamar an sa ma'auni. Ya sauya sunan waifai, ya sauya kalmar sirrin da ke manne a gindin akwatin, domin a cewarsa wannan duk wanda ya ɗaga akwati ya gani. Ya kashe maɓallin nan da ke haɗa waya ba tare da kalmar sirri ba. Har layin baƙi ya buɗe daban.

"Baba, banki za ka buɗe mana ne?" in ji mijin Yaya, bayan ya yi kuskure sau uku wajen shigar da kalmar.

"Banki ai kuɗi kawai yake tsaro," in ji Baba.

Kalmomin sirri biyu ne. Ɗaya ta shiga waifai, wadda kowa a gidan ya sani. Ɗaya kuma ta shiga cikin rautar kanta, inda ake saita komai, wurin da Baba yake kira ɗakin inji. Wannan ta biyun ya rubuta a kati biyu. Ɗaya ya sa a aljihun gilashinsa, ɗaya ya miƙa wa Yaya.

"Ko da na faɗo," ya ce.

Wata huɗu Asabar ta zama ranarsa. Tun ƙarfe biyu zai yi wanka, ya sa riga mai guga, ya jingina kwamfutar da tulin littattafai a kan teburin cin abinci. Ƙararrawa kan yi awa guda tana zuba. Ta nuna masa haƙorinta mai girgiɗi, ta nuna masa takalminta, ta sa shi ya yi kukan kyanwa. Shi kuma ya nuna mata filaya da sukundireba, yana faɗa mata sunayensu, tana maimaitawa tana dariya. Na taɓa samun hutu sau ɗaya, na laɓe a kicin ina saurare. Tun rasuwar wana ban ji muryar Baba ta yi wannan ƙarfin ba.

Sai wata Asabar ƙarfe huɗu ta yi, kira bai shigo ba. Ya duba kwamfutar, tana nuna ta haɗu da waifai amma babu intanet. Ya dubi rauta, fitilu duk kore. Ya kashe ta, ya ƙirga talatin, ya kunna. Shiru. Wayar mijin Yaya kuwa tana ta nuna ƙwallo a falo ba ko gargada. Wajen ƙarfe shida intanet ta dawo da kanta, da kira bakwai da ya rasa jere a fuskar kwamfutar. Ya tura saƙon murya ya ba da haƙuri, ya ce matsalar layi ce, zai duba.

Ya duba ɗin kuwa. Lahadi lafiya, Litinin lafiya, har Juma'a lafiya. Asabar da ƙarfe huɗu abin ya sake mutuwa.

Duk ma'aikacin waya zai gaya maka babu abin da ya tsana irin matsalar da ke zuwa ta tafi. Baba ya fara bin waya kamar yadda ya saba. Ya sa kwamfutar ta manta da waifai, ya sake haɗa ta. Ya yanke kan igiyar da ke shiga rauta ya yi mata sabo da hannunsa. Ya kira kamfani, wata yarinya mai ladabi ta ce daga wajensu komai daidai yake, ya sake kira ya sami wata, ita ma haka. Ya shiga ɗakin inji ya sauya tashar da waifai ke bi, ko ta maƙwabta ce ke danne ta. Ya ba ni kwamfutar na kai wa mai gyara ranar Talata, mai gyara ya juya ta ya juya, ya ce, "Hajiya, wannan ta fi ni lafiya." Asabar ta uku ya roƙi Yaya ko akwai dabarar da za ta yi masa da wayarta. Ta ce ita ba ta san kan waɗannan abubuwan ba, kuma ma tana da unguwa. Ta yafa mayafi ta fita.

A ƙasan benenmu akwai mai walda. Baba ya lura yana yawan kunna babban injinsa ranar Asabar da yamma. Ya sauka hawa uku a kan gwiwar nan, yana tsayawa a kowane kwana yana haki, ya je ya same shi.

"Ɗana, ba kai nake zargi ba, injinka nake zargi."

"Baba, injina ƙarfe yake ci, ba ya cin intanet," in ji mai walda yana dariya. Amma da ya ji dalili, sai ya cire gilashin fuskarsa ya ce Asabar mai zuwa daga huɗu zuwa shida ko ashana ba zai kyasta ba. Ya cika alkawari, ya zauna a bakin shago da aikin mutane jibge a gabansa. Layin ya mutu duk da haka. Washegari Baba ya sake sauka hawa ukun nan don kawai ya ba shi haƙuri.

A can kuwa, duk Asabar ana yi wa yarinya 'yar shekara biyar kitso, a zaunar da ita a gaban allo, tana kallon hoton kakanta yana ta ringin ba a ɗauka. Bayan Asabar ta huɗu uwarta ta turo saƙo, kuma Baba ya kunna mini shi daga baya. Muryarta a sanyaye take.

"Baba, in hana ka ake yi, ka faɗa mini. Ba zan ji haushinka ba."

Ya amsa mata nan take. Ya ce shi ya kafa akwatin nan da hannunsa, ya yi shekara talatin da ɗaya a wannan aiki, kuma yana ba ta kalmarsa cewa matsalar inji ce. Babu mai yi masa haka a gidansa. Ya faɗa da irin muryar da yake yi wa manyan ofis bayani, babu ko ɗar.

Bayan Asabar ta shida ta sake turowa. Ta ce yarinya ta yi kuka har ta yi amai, ta ce Kaka ba ya sonta. Ita kam ba za ta sake zaunar da ita tana jira ba.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun sati na biyu, na roƙi wata ta karɓar mini aiki. Asabar ta gaba na same shi da riga mai guga duk da ya san babu mai kira. Ƙarfe huɗu daidai, ba ko minti ɗaya a kai, intanet ta ɗauke daga kwamfutarsa, ta bar wayata tana aiki.

"Baba, tsatsa ba ta da agogo," na ce. "Ba ni katin nan."

Na shiga ɗakin inji da wayata, shi yana zaune kusa da ni yana gaya mini duk shafin da ya riga ya duba. Na ce duk da haka za mu buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Muka iso wani shafi can ƙasa, na kayyade wa yara lokacin shiga intanet.

"Wuce wannan," ya ce. "Ban taɓa buɗe shi ba. Gidan nan ai babu yaro."

Na buɗe. Na'ura ɗaya ce tak a ciki. An zaɓi ranar Asabar, an sa daga ƙarfe huɗu zuwa ƙarfe shida, an danna hanawa. A wurin da ake rubuta sunan yaron da za a kayyade wa lokaci, an rubuta Tsoho.

Na so in kife wayar kafin ya gani, amma ya riga ya ɗora gilashi na biyu a kan na farko. Ya karanta, leɓensa na motsi. Ya sake karantawa. Ya zaro katinsa daga hannuna ya duba gaba da baya, kamar mai neman ta inda kalmar ta zube. Ni kuwa zuciyata tafasa take yi, don ni ba sai na bi wata waya ba.

Yaya tana kicin tana yanka albasa. Ban kira ta ba, shi ya kira ta, a hankali, kamar zai aike ta. Ta zo tana goge hannu. Ya juya mata wayar. Ta kalla sau ɗaya, ta ɗauke kai, ta sha mur.

"Ni na sa," ta ce. "Duk Asabar in an gama kiran nan ba ka cin abinci. Ka fita baranda ka yi zugum har rana ta faɗi. Jininka hawa yake yi. Ita ta ɓoye mana ciwonsa har ya mutu, yanzu kuma za ta riƙa yi maka kwalele da yarinya ta cikin gilashi, awa ɗaya a sati, kai kuma har da guga."

"Jininsa?" na ce. "Ni nake auna jininsa, Yaya. Yaushe kika zama nas?"

"Ke rufe mini baki. Kina zuwa sau ɗaya a wata da ledar lemo, ni nake kwana da tarinsa."

Wannan gaskiya ne, kuma ya shige ni. Amma gaskiyar ba ta wanke ta ba. Wanda ke tsoron hawan jinin ubansa ai magana yake yi masa. Ba ya zama ya ga tsoho yana sauka bene da gurguwar gwiwa, ya dawo yana haki, ya miƙa masa ruwa ya ce sannu.

Baba bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mata.

"Ranar da nake yanka igiyar nan, wa ya riƙe mini tsani?"



"Ke ce," ya ce. "Har kika ce in yi a hankali."

Ta koma kicin. Ya karɓi wayata, ya ce in nuna masa inda ake gogewa. Da yatsansa ya goge. Nan take intanet ta dawo kwamfutarsa, ƙarfe huɗu da minti ashirin. Ya sauya kalmar ɗakin inji, bai kuma rubuta ta a ko'ina ba.

Abin da ya rage shi ne surukarsa. Na ba shi shawara, kuma ba na alfahari da ita. Na ce ya ce mata an gyara kawai, wata 'yar saita ce ta rikice. In ta ji Yaya ce, za ta ce dama ta faɗa, ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Ya kalle ni kamar ni ma bai san ni ba.

"Na ba ta kalmata a kan ƙarya, Auta. In ƙara mata wata?"

Ya danna maɓallin saƙon murya ya yi magana. Ya ce ya gano matsalar, ba ta inji ba ce, daga cikin gidansa take. Ita ce ta yi daidai, shi ne ya yi kuskure, kuma rantsuwar da ya yi mata ta zube. Bai ambaci sunan kowa ba, ba sai ya ambata ba. Alama ta nuna ta saurara a ranar. Ba ta amsa ba.

Sati uku suka wuce. A cikinsu ya daina cin abinci a tebur, sai a ɗakinsa. Yana amsa gaisuwar Yaya, yana yi mata godiya in ta kawo magani, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Ita kuma ko sau ɗaya ba ta ce ya yi haƙuri ba, har yau da nake wannan rubutu. Ni ma ban sake kiranta ba. 'Yar'uwata ce ciki ɗaya, ita ta goye ni, amma in na tuna ta zauna ta zaɓi rana, ta zaɓi awa, ta lalubo haruffa biyar ɗin nan ta rubuta, sai in ji ba ni da abin da zan ce mata.

A sati na huɗu saƙo ya zo, gajere. Uwar ta ce ta gode da ya faɗi gaskiya. Za ta kira Asabar ɗin nan saboda shi, amma ba ta yi alkawarin ta gaba ba, kuma ba za ta tilasta wa yarinya ba.

Na sake musayar aiki na zo. Ƙarfe huɗu da minti biyu kira ya shigo. Hoto tangaram, murya tas, babu yankewa ko ta daƙiƙa. Uwar ta gaishe shi da ladabi, ta jawo Ƙararrawa gaban allo. Haƙorin ya riga ya fita, har sabon ya fara leƙowa. Ta maƙale a jikin uwarta, tana wasa da bakin rigarta, ta ƙi kallonsa. Baba ya ɗaga filaya ya tambaye ta sunan abin. Ta ƙara lafewa a jikin uwarta. Ya yi kukan kyanwa. Ta ɗago ta dube shi, babu dariya.

"Kaka, na jira ka, na jira ka, ba ka zo ba."

 A kicin Yaya ta buɗe famfo da ƙarfi. Ya dubi ƙofar kicin ɗin, ya dubi jikarsa, wadda ko ba komai wata rana za ta girma ta tambayi wace ce gwaggonta.

"Laifina ne," ya ce. "Ban iya gyara ba ne. Ki yi haƙuri."

Ta yi ɗan tunani, ta juya ga uwarta ta ce, "Mama, in je in yi wasa?" Uwar ta gyaɗa kai, ta zame ta gudu. Suka yi sallama da surukarsa, allo ya yi duhu, na duba lokaci, minti uku ne da 'yan daƙiƙu.

Ya daɗe a zaune da filayar a hannu. Can ya ce in taimaka masa ya tashi. Na kama shi, ya dafa bango har ɗakinsa, ya cire rigar gugar ya rataye ta, ya ce in ja masa ƙofa.